Hoton da Alhaji Lawan Ya Ba Ni Ajiya

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da kuka shigo shagon nan kuke ɗaukar bango, kuna ɗaukar rufi, har akuyar maƙwabcina ba ta tsira ba, amma babu wanda ya duba ta ina haske yake shigowa ɗakin. Kun ce koyon ɗaukar hoto kuka zo, kuma na ji ɗayanku yana raɗa wa ɗan'uwansa wai ai danna maɓalli ne kawai. To madalla! Ni Habu mai hoto na Gyadi-Gyadi, furfurar nan da kuke gani a bayan kyamara ta fito, kuma har gobe ban gama koyon danna maɓallin ba. Bari in ba ku labarin baje kolin hotunana da aka yi a Tarauni bana, da wani hoto guda da ya hana ni sakat. Shi ne mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi, kuma ba ni da ikon nuna wa duniya shi sai da izinin mai shi.

Aikina na farko a sana'ar nan wankin faranti ne. Ubangidana Oga Bitrus, mutumin Filato, ya riga mu gidan gaskiya, shi ya buɗe shagon nan tun titin Zariya bai cika da motoci haka ba. Ya shigar da ni ɗakin duhu, ya kunna jan ƙwan lantarki, ya nuna mini farantai uku. Na farko maganin da ke fito da hoto, na biyu ruwan da ke tsayar da shi, na uku maganin da ke kafe shi kada haske ya cinye. Ya ce, "Habu, in ɗigon wannan ya faɗa cikin wancan, aikin mutane ya mutu, kai ma ka kama hanyar gidanku." Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, ban taɓa kyamara ba sai dai in goge mata ƙura. Yatsuna suka rine da magani har Innarmu ta zaci lalle nake sawa a ɓoye.

Da safe yakan aike ni wurin mai facin tayar da ke tsallaken titi. Cewa yake, "Je ka dubo mini fuskarsa." In na dawo ya tambaye ni wane kunci ne ke da haske, ina inuwar hancinsa ta faɗi, ana ganin ƙwayar idonsa ko hula ta rufe. Da azahar ya sake aike ni, da la'asar ma haka. Har mai facin ya gaji ya kawo ƙarata, ya ce, "Oga, yaron nan naka kullum sai ya zo ya ƙura mini ido. In maye ne a gaya mini tun da wuri." Oga ya yi dariya har da riƙe ciki, washegari kuma ya sake aike ni.

Hoton farko da ya bar ni na ɗauka na wani ɗan kasuwa ne, baƙi wuluk, ya sha farar shadda mai aiki tun daga wuya har ciki. A nan ake gane mai hoto a Kano. In ka biye wa fuska, rigar ta ƙone ta zama farin fili, aikin da mutum ya zo nunawa ya ɓace. In ka biye wa riga, fuskar ta koma gawayi, sai haƙora. Kyamararmu ta lokacin irin wadda ake riƙewa a kan ciki ce, a sunkuya a leƙa ta sama, kuma fim ɗinta hoto goma sha biyu kawai yake ci, babu gogewa babu sakewa. Sai ka auna haskenka a kan fuska, sauran aikin ka ƙarasa a ɗakin duhu. Ka sa nagetif, wato fim ɗin da ka wanke, a injin faɗaɗa hoto, haske ya sauko kan takarda, ka maƙala ɗan guntun kwali a bakin siririn ƙarfe kana kaɗa shi a kan fuskar don ta huta, rigar kuwa ka bar ta ta sha haske har zaren aikin ya fito. Da mutumin ya zo karɓa ko fuskarsa bai kalla ba. Ya ce, "Yauwa, aska takwas ta fito." Ya biya ya tafi.

Ranar Kirsimeti, da an tashi daga coci, layi har bakin kwata. Malaman makaranta 'yan Kudancin Kaduna da ma'aikata 'yan Filato, miji da mata da yara cikin atamfa iri ɗaya, suna ta barkwanci, sai ka roƙe su su tsaya cak. Ranar Sallah kuma mutanenmu. Bakano in ya zauna gaban kyamara sai ya ɗaure fuska kamar an kira shi shaida, don a wurinsa dariya a hoto rashin kamun kai ne. Muna da tarho marar waya da mutane ke kara wa kunne, da rediyon da ba ta taɓa magana ba, da labulen baya mai zanen bene. Muna da fensir da muke share ƙuraje da shi a jikin nagetif, amma ba ma taɓa zanen fuskar mutum, wannan na gidansu ne. Doka ɗaya ce Oga bai taɓa sassauta mini ba. Ya ce, "Hoto na mai shi ne, nagetif kuma ajiya ce a hannunka. Ko a gilashin ƙofa kada ka liƙa fuskar kowa sai ya ce maka e da bakinsa."

To, ga hoton da nake ba ku labari. Wata ƙaramar Sallah ce da la'asar, bayan Oga ya tsufa ya bar mini shago. Wani ma'aikacin gwamnati ya shigo da iyalinsa, Malam Lawan, wanda yanzu ake ce wa Alhaji Lawan. Mutum ne da ko masinjan ofishinsu ba ya son haɗa ido da shi. Matarsa Binta na rungume da jariri, ga kuma wani yaro da bai isa shiga firamare ba, an sa masa 'yar riga da hula. Wannan yaron shi ne Kabiru, ɗan farinsu. Ku 'yan zamani kuna goya ɗan fari ku sa a intanet, amma a gidaje irin nasu kunyarsa ake yi. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi. Uwa ma haka. Sai dai a ce "yaron nan" ko "wancan".

Ina jera su sai yaron ya ɓarke da kuka. Na kaɗa masa makulli, na yi masa kukan kyanwa, ina! Uwar ba za ta rarrashe shi a gabana ba, sai ta fita da jaririn wai za ta nemo mai alewa. Ni kuma na sunkuya kan kyamara ina gyara tsayinta. Amfanin kyamarar leƙe ke nan, mutum na ganin ƙeyarka ya zaci ba ka ganinsa, alhali yana cikin gilashinka tsaf. Malam Lawan ya waiga ƙofa, ya ga ba kowa. Sai ya sunkuya ya sure yaron, ya cilla shi sama ya cafe, ya ɗora shi a wuya. Yaron ya fizge hular uban, ya kama kunnensa da ɗaya hannun. Mutumin nan ya ƙyalƙyale da dariya, kai ba hula, wushirya a waje, ga hasken la'asar ya shigo ta ƙofa ya kwanta a gefen fuskokinsu. Yatsana bai yi shawara da ni ba. Na danna.

Ya ji ƙarar. Nan take ya sauke yaron, ya mai da hula, ya ce, "Malam, me ka yi?"

Na ce, "Na ɗauka, ranka ya daɗe. In ba ka so, da na wanke fim ɗin in yanke wannan in ba ka, ka ƙona da hannunka."

Ya kalli ƙofa. Can ya ce, "A'a. Ajiye shi. Amma kada ya fita daga shagon nan."

Aka yi hoton iyali, kowa fuska a ɗaure, aka kai gida aka rataye. Wancan kuwa ban taɓa ɗora shi a takarda ba. In kewarsa ta kama ni sai in ɗaga nagetif ɗin in duba a hasken ƙofa, fuska fara, riga baƙa, in mayar cikin gwangwanin biskit ɗin da nake tara kayan amana a can saman kanta.

Shekarar da ta fi kowace muni ta zo mini da ruwa. Marka aka yi tun asuba, kwatar titi ta toshe da leda, kafin in iso shago ruwa ya kai gwiwa. Nagetif ɗin da ke cikin kwalaye a ƙasan kanta duk suka jiƙe suka manne. In na ɓamɓaro ɗaya sai fuskar mutum ta narke ta biyo yatsana. Bukukuwa, sunaye, 'yan makaranta, alhazan da suka zo hoton fasfo, aikin Oga da nawa, na kwashe su a buhu na kai juji. Injin faɗaɗa hoto ya yi tsatsa. Sai waɗanda ke cikin gwangwanaye a saman kanta kaɗai suka tsira. Tsugune ba ta ƙare ba, don a daidai lokacin ne wayoyi masu kyamara suka cika gari. Sallah ta zo na share shago, na shimfiɗa labule, na zauna har magariba ina korar ƙuda. Abokan sana'ata suka sai da kyamarori suka koma tuƙin adaidaita. Ni ma saura ƙiris, har na je na tayo ɗaya.

Wata tsohuwa daga Unguwa Uku ce ta tsayar da ni. Ta kwance bakin zaninta ta fito da hoton marigayi mijinta, gara ta cinye rabin fuskar, ta ce jikokinta ba su san shi ba. Na sa 'yata ta koya mini kwamfuta, ina dangwala linzami da yatsa ɗaya tana yi mini dariya. Sai dai kwamfuta ba ta san inda inuwar hanci take faɗuwa ba, ni na sani. Na gina masa ɗaya kuncin daga wanda ya rage. Da tsohuwar ta gani ta ce, "La'ilaha illallahu, Malam ne!" Ta je ta baza ni a unguwa. Daga nan tsofaffin hotuna suka riƙa zuwa daga Hotoro, daga Daurawa, har daga cikin birni, shago ya farfaɗo.

Bara sai ga Rahila, 'yar autar Oga Bitrus, wadda a shagon nan ta yi rarrafe. Yanzu ita ke shirya nune-nunen zane da hotuna a wani zaure a Tarauni. Ta ce, "Kawu, sai yaushe za a ga aikinku a bango? Ko sai gara ta riga mu?" Muka sauko da gwangwanaye, tana sa nagetif a na'ura tana juya su a kwamfuta, baƙi ya koma fari. Muna cikin haka sai na ji ta yi ihu.

"Kawu! Wannan fa? Wallahi wannan shi ne tsakiyar bango. Da an shigo shi za a fara gani."

Na leƙa, na ga Malam Lawan da ɗansa a wuya. Na ce, "Wannan ba ya fita sai mai shi ya ce."

Ta ce, "Haba Kawu, shekara nawa yanzu? Wa zai tuna?"

Na ce, "Ni na tuna. Shi ma yana nan da ransa a Daurawa. Kuma dokar ubanki ce, ba tawa ba."

Ta haƙura, don ta san halin tsohonta. Haka muka bi gida gida da duk hoton da muka zaɓa muna neman izini. Wani tsohon hedimasta, Malam Yohanna, ya ce a rataye nasa da sharaɗin in shaida wa jama'a cewa tulin gashin nan nasa ne na kansa, don yanzu sanƙo ya cinye. Wata Hajiya a Hotoro ta ce a nuna, ai mutane su san ita ma an yi yayinta. Wasu suka ce a'a, muka mayar gwangwani ba gardama. Ku da kuke ganin baje koli ƙusa ce da guduma, ku ji. Sai ka zaɓi hoton da zai zauna kusa da wani ba su yi faɗa ba. Sai ka rataye daidai idon mutum matsakaici, kada tsohuwa ta ɗaga wuya. Sai ka karkata fitila don kada mai kallo ya ga fuskarsa a gilashi maimakon hoton. Bangon ma sau nawa na sa aka sake masa fenti, don farin farko yana kashe farar riga.

Muka je wa Alhaji Lawan ni da Rahila. Ya tsufa, ya yi ritaya, ido ya yi rauni, amma fuskar nan tana nan yadda na san ta. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo mu. Rahila ta durƙusa ta miƙa masa waya da hoton a ciki. Ya ɗan kalla daga nesa ya kau da kai.

Ya ce, "Malam Habu, da girmana? A rataye ni a bango baki buɗe, kai ba hula, da yaron nan a wuya, surukaina su zo su gani? Kai ma ka san ba za ta yiwu ba."

Na ce, "Alhaji, a duk aikina babu kamarsa."

Ya ce, "To ka gode wa Allah da ya ba ka, ka mayar inda yake."

Za mu fita Hajiya Binta ta tare mu a soro. Ta ce ta ji ana zancen hoto, wane hoto ne? Na ce Alhaji ne zai gaya mata. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "In na Yayansu ne, da ma ya gani. Yana nan Hotoro da iyalinsa. Duk Juma'a yana zuwa, ya durƙusa ya gaida uban kamar baƙo, ya tashi. Ya taɓa ce wa ƙanwarsa shi bai san ɗumin hannun Alhaji ba. Mu kuma haka muka taras ana yi, me za mu ce?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. A mota Rahila ta ce, "Kawu, ai Kabirun ma yana cikin hoton, rabi nasa ne. Mu je mu tambaye shi mana." Maganarta ta shige ni, don na san da mun je zai ce e. Amma ba Kabiru ne ya ba ni ajiya ba. Na ce mata a kafa ƙusa a tsakiyar bango a bar wurin haka nan, ban gama ba.

Abin da na lura shi ne Alhaji bai ga hoton ba. Abu kamar tafin hannu a gilashin waya, ga ido ya raunana, me zai gani? Sai na buɗe ɗakin duhun da na daɗe da rufewa. Na kankare tsatsar injin, na sa wani abokina ya aiko mini da takarda da magani daga Legas, na kunna jan ƙwai. Na yi na farko, rigar ta ƙone. Na yi na biyu, fuskar yaron ta dushe. Na yi ta yi, guntun kwalina a hannu, ina kare fuskar uban, ina ba rigar haske, ina lallaɓa 'yan yatsun nan da suka kama kunne har suka rabu da juna. Da na tsoma na ƙarshe a faranti, na ga dariyar tana tasowa daga cikin farar takarda a hankali, sai da na ce Allahu Akbar ni kaɗai. Babba na yi shi, ya kai faɗin faifai biyu, na sa masa firam.

Na koma Daurawa ni kaɗai da hantsi, na naɗe shi a zani. Na ce, "Alhaji, ba roƙo na zo ba. Kayanka na kawo maka, ka gani da idonka. In ka ga dama ka fasa." Na roƙe shi ya matso da kujera bakin ƙofa inda haske ke zuwa ta gefe, na kwance zanin na ɗora masa a cinya. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon hoton. Can sai ya sa yatsa a kan ƙafar yaron.

Ya ce, "Takalmin nan ni na sayo masa a Sabon Gari. Ya matse shi. Shi ya sa yake kuka, ba tsoron kyamararka ba ne."

Na ce, "Ashe Alhaji bai manta ba."

Ya harare ni ta saman tabarau ya ce, "Bar shi a nan. Ka gaida gida."

Haka na fito hannu rabbana, babu hoto babu izini. Rahila ta ce to yanzu sai a rataye wani a wurin, ga na mai facin taya nan da Oga ya ɗauka. Na ce a bari tukuna. Ta ce, "Kawu, taurin kanka ya fi na Baba." Na ce ai a wurinsa na koya.

Ranar buɗewa zaure ya cika maƙil. Malam Yohanna ya tsaya kusa da hotonsa yana shafa sanƙo yana ba 'yan mata labari. Mutane na nuna iyayensu, wata ta ga kakarta tana budurwa ta fashe da kuka, wasu tsofaffin maƙwabta da suka rabu tun tuni suka haɗu a gaban hoton wani suna suka rungume juna. Ana ta yi mini barka, ni kuwa idona na kan ƙusar nan da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar bango. Duk wanda ya tambaya sai in ce mai wurin bai iso ba.

Bayan la'asar sai na ga mutanen bakin ƙofa suna darewa. Alhaji Lawan ne, da farar babbar riga da sanda, Hajiya Binta a bayansa, direbansa na rungume da abu naɗe a zanina. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce, "Malam Habu, ina ƙusar taka?"

Na kwance zanin na ɗaga firam ɗin. Na rataye, na ja da baya, na karkata fitila. Zauren ya ɗauki salati da tafi. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce, "Lawan! Ashe kana da haƙora?" Aka kwashe da dariya. Aka kawo wa Alhaji kujera ya zauna a gefen hoton, ya ɗaure fuska kamar ba shi ba ne a bangon.

Hajiya ta matso ta ce mini a hankali, "Na aika a kira Yayansu." Ba a jima ba sai ga Kabiru, babban mutum da furfura a gemu, da 'ya'yansa biyu. Ya durƙusa ya gaida uban, uban ya amsa a taƙaice. Da ya miƙe sai idonsa ya faɗa kan bango. Ya matsa kusa. Ya gane uban nan take, ya yi murmushi, ya juyo wurina.

Ya ce, "Baba Habu, wannan Nasiru ne ko? Ƙanena. Shi Alhaji yake ɗauka haka."

Amsar ba tawa ba ce, sai na dubi Alhaji. Shi kuwa bai dubi kowa ba, sandarsa yake kallo. Ya ce, "Nasiru a lokacin yana hannun uwarsa, ko zama bai fara ba. Kai ne mana. Ga nauyi kamar buhun gero, kwana biyu wuyana na ciwo."

Mutane suka yi dariya, Kabiru bai yi ba. Ya sake kallon hoton, ya kalli hannun yaron a kunnen uban, ya cire tabarau ya rufe ido da tafin hannu. Sai ya sulale ya durƙusa a gefen kujerar, ba irin durƙuson gaisuwa ba. Samari suka ɗaga wayoyi, Rahila ta daka musu harara suka sauke.

Alhaji ya gyara murya ya ce, "Malam Habu, ka tsaya da kyamara a wuya kamar laya. Ɗauke mu mana."

Tsohuwar kyamarar leƙen ce a wuyana, na sa mata fim don ranar. Ban yi gaggawa ba. Na duba taga, na ga inda hasken yamma yake faɗuwa, na sa aka juya kujerar kaɗan. Baƙaƙen mutane biyu cikin fararen riguna, aikin da na fara da shi. Na auna haskena a kan fuska, na sunkuya. A cikin gilashi na ga Alhaji ya ɗaure fuska irin ta ofis, na ga hannunsa ya tashi daga kan sanda ya sauka a kafaɗar ɗansa, ya zauna a nan. Na jira har kafaɗar ta daina rawa, sannan na danna sau ɗaya.

Alhaji ya ce, "Ka wanke guda biyu. Ɗaya nawa, ɗaya na Kabiru."

Hajiya Binta ta dafe ƙirji. Ni kaina sai da na ɗago daga kan kyamara na dube shi, don tun da na san Alhaji Lawan ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.